Wasiƙa: Abin da ke kayar da matasanmu a zaman ganawar ɗaukar aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da matasan jihar Maraɗi da iyayensu a kan wani mataki na neman aiki wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato zaman da mai neman aiki yake yi gaba da gaba da masu ɗauka, su yi masa tambayoyi kafin su yanke hukunci a kansa. Na daɗe ina aiki da wani shirin raya karkara a wannan jiha, kuma an sha saka ni cikin kwamitin da ke tantance sababbin ma'aikata, tun daga masu tattara bayanai a ƙauyuka har zuwa masu riƙe da lissafin kuɗi. Abin da na gani a waɗannan zaman shi ne, mafi yawan yaran da suke faɗuwa suna da ilimin da ake bukata, wasunsu ma sun fi wanda aka ɗauka, sai dai sun kasa faɗin abin da hannunsu ya taɓa yi a cikin ƴan mintocin da aka ba su.

Tun da aka kafa jami'ar garin nan a shekarar 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, kowace shekara ana yaye ɗalibai masu lisans da mastar, ga waɗanda suke dawowa daga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ga na Damagaram da Tawa, ga waɗanda suka yi karatu a Katsina da Kano da Sakkwato, ga kuma ɗimbin masu fitowa daga makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu. Gwamnati ba za ta iya kwashe su duka ba, kuma ƙofarta jarrabawar rubutu ce wadda ba kullum ake buɗe ta ba. Wuraren da suka rage su ne ƙungiyoyin agaji, da shirye-shiryen noma da kiwo, da bankuna da asusun ba da rance, da kamfanonin waya, da makarantu da asibitocin kuɗi, da kuma manyan ƴan kasuwarmu da suka fara ɗaukar masu ilimin boko su riƙe musu littafi. Kusan dukkan waɗannan ba sa ɗaukar mutum sai sun zauna da shi. Duk da haka yaro yakan yi shekara goma sha shida ko fiye a aji ba tare da wani malami ya taɓa zaunar da shi ya ce, yau ni ne mai ɗaukar aiki, gaya mini dalilin da zai sa in ɗauke ka ba.

Na san abin da masu karatu da yawa za su ce, domin shi nake ji a kowace fada ta matasa daga unguwar Zariya har ta Ali Ɗan Sofo: ai an riga an zaɓi wanda za a ba, ganawar cika ƙa'ida ce kawai, wanda ba shi da uwa a gindin murhu ɓata takalminsa yake yi. Ba zan ce babu wannan ba, akwai shi, kuma duk wanda ya yi aiki a ofis ya san irin wayar da akan bugo ana cewa a duba wane. Amma ba kowane gurbi ne aka sayar ba, musamman a wuraren da masu ba da kuɗi suke bin diddigin takardun ɗaukar aiki, inda kowane ɗan kwamiti yake da takardar maki a gabansa, ya rubuta abin da ya ba kowane ɗan takara a kan kowace tambaya, sannan ya sa hannu. A irin wannan zama, ɗan takarar da ya amsa da kyau yana ɗaure hannun mai son zuciya, domin da wuya mutum ɗaya ya iya danne makin da mutum uku suka bayar. Wanda kuwa ya shigo da zuciyar cewa an riga an gama, yakan amsa tambaya a gajarce, fuska a murtuke, ya sauƙaƙa wa mai son zuciyar aikinsa, sannan ya fita ya ce ai dama na faɗa.

Babban abin da nake so in tsaya a kansa shi ne tarbiyyarmu. An rene mu a kan kunya da kawaici, an koya mana cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya yawaita magana a gabansa, kuma tun muna ƙanana muke jin cewa yabon kai jahilci ne. Tarbiyya ce mai kyau, ba ni neman a yar da ita. Sai dai idan saurayi ko budurwa suka shiga ɗakin ganawa suka tarar da mutum uku ko huɗu sa'o'in iyayensu, wannan tarbiyyar takan rufe musu baki, su sunkuyar da kai, a tambaye su abin da suka iya su ce “daidai gwargwado”, a tambaye su ko za su iya riƙe aikin su ce “in Allah ya yarda” su yi shiru. Faɗin in Allah ya yarda wajibi ne a bakin Musulmi, amma ɗan kwamiti ba shi da gurbin da zai sa wa maki idan maganar ta tsaya a nan. Malamanmu sun karantar da mu a cikin Suratu Yusuf cewa Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili, cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Idan an kira mutum domin a ba shi amana, faɗin gaskiyar abin da ya iya shaida ce da ake bukata daga gare shi, kuma ɓoye ta cutar da kansa ne da kuma waɗanda za a yi wa aikin.

Abin mamaki, mutanen wannan gari ba a san su da nauyin baki a wajen ciniki ba. Mai sayar da aya a kasuwa ba ya tsayawa rantsuwa cewa kayansa sun fi na kowa, kwance bakin buhu yake yi ya ce wa mai saye ya zura hannu har ƙasa ya ɗebo ya gani. Haka ake so mai neman aiki ya yi. Kada ya ce “ni mai ƙwazo ne, ni mai gaskiya ne”, domin duk wanda ya shigo kafin shi haka ya ce. Ya kawo wani aiki takamaimai da ya yi, ya faɗi inda ya yi shi, da matsalar da ya tarar, da matakin da shi da kansa ya ɗauka, da yadda abin ya ƙare, ya bar masu sauraro su yi masa yabon da bakinsu.

Na taɓa zama a kwamitin da ke neman mai kula da mangazar ajiye iri da taki. Wani saurayi mai lisans a fannin gudanarwa ya shigo da tsabtarsa, takardunsa a jere cikin jaka. Da aka tambaye shi ayyukan da ya taɓa yi, sai ya kalli ƙasa ya ce bai taɓa aiki ba, yanzu ya gama bautar ƙasa. Saura kaɗan a sallame shi, sai wata daga cikinmu, wadda ta fi mu haƙuri, ta tambaye shi yadda yake cinye lokacin hutunsa tun yana ɗalibi. A nan ne ya ce, kamar mai neman gafara, yana taya kawunsa zama a shagon hatsi. Da ta ci gaba da jan sa, sai ga shi ashe shi ne mai rubuta kowane buhun gero da wake da ya shiga ko ya fita, shi ne mai biyan ƴan dako da yamma, shi ne mai bin bashi, kuma shi ne ya gano cewa ana samun giɓi saboda ana karɓar kaya da dare ba a auna ba, ya sa kawun ya hana sauke mota bayan magariba sai an jira safiya an ɗora a sikeli. Wannan shi ne ainihin aikin da muke neman mai yi, amma yaron bai rubuta shi a takardar tarihin aikinsa ba, bai kuma yi niyyar ambatonsa ba, saboda a ganinsa abin da ba a yi a ofis da hatimi ba bai kai a kira shi aiki ba. Ba kowane kwamiti ne yake da mai haƙurin tono irin wannan ba, kuma ba hakkin kwamiti ba ne ya tono.

Saboda haka shiri na farko, tun kafin a yi maganar riga da takalmi, shi ne mutum ya zauna da takarda da alƙalami ya tuno duk abin da ya taɓa riƙewa. Matasanmu da yawa sun yi aikin rigakafin shan inna gida gida, sun raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara ƴan wata 3 zuwa 59 a lokacin damina, sun yi wa ƙungiyoyi tambayoyin bincike da waya ta manhajar KoboCollect, sun koyar a makarantun unguwa, sun riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai ko na masallaci, sun lura da gonar gida daga shuka har girbi. A cikin kowane ɗaya akwai labarin da ya amsa tambayoyin da aka saba yi: yadda ka shawo kan maigidan da ya hana a ɗiga wa ƴaƴansa magani, yadda kuka sasanta da abokin aikin da ba ya zuwa a kan lokaci, abin da kika yi ranar da lissafi ya ƙi fita. Mutum ya zaɓi uku ko huɗu daga ciki, ya maimaita su da baki a gaban wani yayansa ko malaminsa, har ya iya ba da kowanne a cikin minti biyu ba tare da kame-kame ba. Haka ma tambayar buɗe zama, wadda kusan ba ta canzawa, cewa ka gabatar da kanka. Ba tarihin zuriya ake nema ba, ba kuma jerin makarantu tun daga firamare ba, tunda duk suna cikin takardun da ke gabansu. Ana so a ji abin da ka karanta a taƙaice, da abin da ka yi da shi, da abin da ya haɗa ka da wannan gurbi.

Shiri na biyu shi ne sanin wurin da ake neman shiga. Abin takaici ne ka tambayi ɗan takara abin da ya sani game da ƙungiyar da yake so ta ɗauke shi, ya ce yana dai ganin motocinta suna wucewa. Sanarwar aikin kanta, ko a jaridar Le Sahel aka buga ta, ko a allon hukumar samar da aikin yi ta ANPE aka liƙa, ko ta WhatsApp ta zo, tana ɗauke da rabin tambayoyin da za a yi, domin daga jerin ayyukan da aka rubuta a cikinta kwamiti yake tsara takardar maki. Wanda ya karanta ta layi layi, ya tanadi misali ga kowane layi, ya riga ya yi nisa. Bayan haka sai sanin jihar da kanta. Wanda yake neman aikin malamin gona a Agye ko Gidan Rumji, ya kamata ya iya bayanin sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara su maimakon a tumɓuke, dabarar da ta samo ƙarfinta a nan jihar tun cikin shekarun 1980 kafin ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Ya kamata ya san buhun PICS mai ninki uku da ake adana wake a ciki ba tare da magani ba, ya kuma iya faɗin dalilin da ya sa yake aiki, cewa idan an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu. Wadda take neman aiki da ƙungiyoyin mata ta san cewa tsarin adashen Mata Masu Dubara a nan Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, ta kuma san yadda ake zubi da yadda ake ba da rance daga akwati. Mai neman aikin kiwo da bai iya cewa komai a kan jar akuyar Maraɗi ba, alhali cibiyar kula da ita tana cikin garin nan, ya ba kwamiti dalilin shakka. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya sani ta hanyar tambayar na gaba da shi a cikin yini ɗaya.

A ayyukan hannu, masu ɗauka sun fi yarda da abin da suka gani. A wata ganawa ta neman ma'aikatan yaƙi da tamowa, an ajiye zaren awon damtse a kan tebur, mai launin ja da rawaya da kore, ana ce wa kowace ƴar takara ta nuna yadda ake amfani da shi. Wata mai maki mai yawa a makaranta ta zayyano bayanin tamowa da Faransanci tiryan-tiryan kamar yadda yake a littafi, amma da ta ɗauki zaren sai ta rasa ta inda ake zura bakinsa. Wadda ta biyo bayanta ba ta kai ta iya Faransanci ba. Ta nemi izini ta kama hannun hagu na ɗaya daga cikinmu, ta lanƙwasa shi, ta auna tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta sa ya saki hannun ya miƙe, ta zagaya zaren ba ta matse ba kuma ba ta bar shi sako-sako ba, ta ce idan ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Ta ƙara da cewa ko zaren ya nuna kore, za ta danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan wurin ya lotsa bai taso ba to akwai kumburi, kuma asibiti za ta tura shi a ranar. Babu wanda ya sake tambayarta ko ta iya aikin. Wannan ya shafi mai neman aikin lissafi da za a ajiye wa kwamfuta a ce ya haɗa jimla a Excel, da direban da za a ce ya buɗe gaban mota ya nuna abin da yake dubawa kafin tafiya, da malamin da za a ba alli a ce ya koyar na minti goma. Duk abin da mutum ya rubuta cewa ya iya, ya sa ran za a ce ya yi shi nan take, don haka kada ya rubuta abin da bai iya ba, kuma kada ya ari takardar tarihin aikin abokinsa ya canza suna kawai, domin mun sha ganin takardu biyu masu kuskure iri ɗaya a layi ɗaya.

Maganar harshe ma tana bukatar a tsaya a kanta. Kundin sake gina ƙasa na Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A aikace, yawancin ganawa har yanzu da Faransanci ake yin ta, rahoto ma da shi ake rubutawa, saboda haka wanda harshensa ya yi tsatsa tun bayan barin makaranta sai ya wasa shi, ya riƙa amsa tambayoyin da ƙarfi yana jin kansa. Amma kada tsoron kuskuren nahawu ya sa mutum ya yi gum. Jimla gajera mai ɗauke da ma'ana ta fi doguwar da aka haddace wadda take tsinkewa da zarar an katse mai ita da wata tambaya. A ayyukan karkara kuma, sau da yawa akan juya a ce, ga mu mu ne mutanen gari a ƙofar mai gari, yi mana bayanin wannan shiri da Hausa. A nan ne ƴan boko da yawa suke tuntuɓe, su cika maganar da kalmomin Faransanci waɗanda tsohuwa a ƙauyen Mayahi ba za ta fahimta ba, ko su manta da sallama da gaisuwar da ake fara yi wa dattawa. Wanda yake jin Fulatanci ko Tamashek ya faɗa tun da wuri, domin a ayyukan Dakoro da Bermo wannan kan iya raba gardama tsakanin ƴan takara biyu.

Takardu kuwa ba sa bukatar dogon bayani, sai dai suna kayar da mutane tun kafin a kira su. Takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da kwafin difiloma da aka buga wa hatimin tabbatarwa, da katin ANPE, da takardar kotu mai nuna cewa ba a taɓa hukunta mutum ba, wadda galibi ake so kada ta wuce wata uku, duk a tanade su kafin sanarwa ta fito, a kuma zo da na asali ranar ganawa. A duba cewa rubutun suna da ranar haihuwa sun yi daidai a kowace takarda, domin harafi ɗaya da ya bambanta yakan jawo tambayar da za ta cinye lokacin mutum. Lambar wayar da aka rubuta ta zama mai shiga, kuma waɗanda aka ba da sunansu a matsayin masu shaida a sanar da su tukuna.

Haka ma ranar kanta. Kaftani mai tsabta da hula, ko atamfa da mayafi, sun wadatar, babu mai ba da maki saboda kwat a zafin watan Afrilu. A iso da rabin awa a hannu, a kashe waya, a yi sallama, a jira a nuna wurin zama. Macen da ba ta musabaha da maza ta gaisa da baki cikin sakin fuska, babu kwamitin kirki da zai riƙe ta da wannan. A ɗaga kai a dubi mai tambaya lokacin da yake magana, ba ƙura ido ba, dubawa dai ta mai sauraro. Wanda aka kira Yamai ya tuna cewa tafiyar ta haura kilomita 600, ya tafi da kwana ɗaya a gaba, kada ya sauka daga mota ya wuce ɗakin ganawa da ƙurar hanya. Idan ta waya ko ta Zoom za a yi, a cika batir tun da dare saboda ɗaukewar wuta, a sayi isasshen intanet, a nemi ɗaki mai shiru inda layi yake kamawa, a kuma gargaɗi mutanen gida. Idan ba a ji tambaya ba a nemi a maimaita, idan kuma ba a san amsa ba a ce ba a sani ba, sannan a faɗi yadda za a nemo ta. Kuma ko da tsohon wurin aikin mutum ya cuce shi, kada ya zage shi a gaban sababbi, domin suna jin yadda zai yi maganarsu ne wata rana.

Akwai tambayar da take sa kowa gumi, ita ce ta albashi. Wasu saboda kunya sukan ce duk abin da aka ba su sun gode, wasu kuma su faɗi adadin da suka ji ana biyan wani a Yamai. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya bincika tun a gida abin da ake biyan masu irin wannan matsayi a nan jihar, ya faɗi tsakanin kaza da kaza, ya nuna cewa a shirye yake ya bi tsarin albashin wurin. Ya sani cewa mafi ƙarancin albashi a doka ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024, kuma dokar ƙwadago ta 2012 ta bambanta kwantiragi mai wa'adi da marar wa'adi. Idan aka ba shi damar yin tambaya a ƙarshe, kuma kusan kullum ana bayarwa, kada ya ce ba shi da ita. Ya tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da kason asusun fanshon ma'aikata na CNSS ne ko bayan an cire, da tsawon lokacin gwaji, da garin da za a ajiye shi, da wanda zai riƙa ba shi umarni. Na ga waɗanda suka sa hannu cikin murna, sai daga baya suka gane cewa a wani ƙauye mai nisa za su zauna kuma babur ɗin aiki nasu ne za su nemo.

Ina kuma jan kunnen matasa da iyaye game da sanarwar bogi da ke yawo a waya da sunan manyan ƙungiyoyi, inda ake cewa a tura kuɗin buɗe dosiye ko na ajiye gurbi. Ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar kuɗi a wajen mai neman aiki, kuma da yawansu suna rubuta haka a ƙasan sanarwarsu. Ƴan mata kuma su sani cewa ganawar aiki a ofis ake yin ta, da rana, a gaban mutum fiye da ɗaya. Duk wanda ya ce a same shi a wani masauki da dare domin a ƙarasa magana, ba aiki yake bayarwa ba.

Masu ɗaukar aiki su ma akwai nasu. Ba daidai ba ne a kira mutum ashirin ƙarfe takwas na safe, a bar su a rana babu ko ruwan sha har bayan azahar, wasunsu sun taso daga Tasawa ko Madarunfa da kuɗin motar aro. A raba musu lokaci, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a kuma sanar da waɗanda ba su samu ba ko da ta gajeren saƙo ne, maimakon a bar su wata da watanni suna zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Idan an riga an san wanda za a ba, tsoron Allah ya hana a tara ƴaƴan mutane a yi wasa da su.

A ƙarshe, ya Edita, ina da roƙo ga hukumomin da abin ya shafa. Jami'armu da makarantun koyon sana'a su ware wa ɗaliban shekarar ƙarshe ko da mako ɗaya na gwajin ganawa, a gayyato ma'aikatan bankuna da ƙungiyoyi da ƴan kasuwa su zauna a matsayin kwamiti, a yi wa ɗalibi tambayoyi a gaban ƴan ajinsa da Faransanci da Hausa, sannan a gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. Reshen ANPE na Maraɗi da gidajen rediyon garin nan za su iya ɗaukar irin wannan shiri su watsa domin na Dakoro da Gazawa su amfana. Akwai tsofaffin ma'aikata da dama a garin nan, har da ni, waɗanda za su ba da safiyar Asabar ɗinsu kyauta idan aka samar da ɗaki da kujeru. Ina fatan jaridarka za ta isar da wannan roƙo ga shugabannin waɗannan wurare, ta kuma buga amsarsu idan sun bayar.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin raya karkara,
Unguwar Zariya, Maraɗi.